Gaba da baya a injin tur mai moter na faz ɗaya: yadda haɗin yake da inda yake cizo

Wanda ya saba da moter mai faz uku ya san dabarar tun yana yaron shago: a musanya wayoyi biyu cikin ukun, moter ya juya baya. Shi ya sa idan aka shigo da injin tur, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙa shi, mai aiki da wutar gida ta bolt 220, abin da ake fara yi shi ne a juya faz da notur, wato waya mai wuta da abokiyarta, a bakin soket. Moter ya tashi ya bi hanyarsa ta jiya. A sake juyawa, ya sake bin ta. Daga nan sai a yanke hukunci cewa wannan moter ba ya baya. Mafi yawansu suna yi. Wurin da ake taɓawa ne ba daidai ba.

Mai tur a Maraɗi yana bukatar baya fiye da takwaransa na wasu garuruwa, domin nan ma'auni biyu ne suka haɗu. Kayan Toyota da Peugeot da baburan Cana duk haƙoransu na milimita ne. Tsofaffin injunan Lister na niƙa, da kayan da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa tun zamanin ma'aunin Ingila, da haƙoran bututun ruwa, na inci ne. Idan bis-mer ɗin tur, wato doguwar sandar nan mai haƙora da ke jan shariyo mai ɗauke da wuƙa, ta milimita ce, kuma aikin da ke hannu filtaj ne, wato yankan haƙora, na inci, to ba a buɗe notin da ya kama ta har a gama. Da an buɗe, wuƙa ta ɓata sawunta, ba za ta koma cikin layin da ta fara ba. Sai dai a janye wuƙa, a tsayar da moter, a juya shi baya shariyo ya koma mafari, a ƙara zurfi, a sake tashi gaba. Filtaj guda yana iya cin wucewa 10 zuwa 15, ke nan tashin moter 20 zuwa 30 cikin ɗan lokaci. A riƙe wannan lissafi, zai dawo idan an zo maganar kwandansa, ɗan gwangwanin nan mai tara caji da ke jikin moter. Ƙaramin hannun nan da ke jikin kan tur mai juya bis-mer ba ya biyan wannan bukata. Nasa aikin filtaj na hagu ne, mandaran kuwa, wato bakin da ke riƙe aiki yana juya shi, yana nan kan hanyarsa.

Hannun tela

A dubi keken ɗinki na ƙafa. Ƙafar tela sama da ƙasa kawai take yi, ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Hannun da ya fara tura ƙaramar tayar ne ke zaɓar hanya, kuma da keke ya ɗauka sai tela ya janye hannu ƙafa ta ci gaba. Haka moter na faz ɗaya yake. A cikinsa akwai naɗin waya biyu. Babban naɗi, mai waya mai kauri, shi ne ƙafar: wutar da ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa tana sa maganaɗisunsa ya yi ta bugawa a wuri ɗaya ba tare da ya zagaya ba. Ba shi wuta shi kaɗai, moter zai tsaya yana gurnani. Murɗa sandar da hannu dama ya bi dama, murɗa ta hagu ya bi hagu. Naɗi na biyu, naɗin tashi, shi ne hannun. An kwantar da shi a tsakanin ramukan babban naɗi, kuma an haɗa shi a jere da kwandansa, wanda ke sa wutar da ke bi ta cikinsa ta riga ta babban naɗi isowa. Wannan ɗan ratar lokaci ita ke sa maganaɗisu ya zagaya ya ja rotor, wato ɓangaren moter mai juyawa.

Da moter ya kai kusan kashi 75 cikin 100 na gudunsa, wani makunni da ke bayan rotor, wanda masu sana'a ke kira santirfuj, sai ya buɗe. Ƴan ƙarafa ne masu nauyi da sifirin; gudu ya watsa su waje, su saki maɓallin, naɗin tashi ya fita daga aiki. A moter mai juyi 1,400 zuwa 1,440 a minti, hakan na faruwa wajajen juyi 1,100. Ƙarar "ƙas" da ake ji idan an kashe moter yana gab da tsayawa, santirfuj ne ya koma ya rufe.

To hanya tana fitowa ne daga yadda naɗin tashi ya fuskanci babban naɗi, kuma a lokacin tashi ake yanke ta. Juya faz da notur a soket yana juya naɗin biyu tare, dangantakarsu ba ta canza ba. Abin da ake so shi ne a juya ɗaya a bar ɗaya. Musanya ƙafafun kwandansa ma aikin banza ne, ba shi da kai ba shi da gindi.

Gano bakin wayoyi

Kafin a buɗe akwatin haɗi, a cire wuta gaba ɗaya, a kuma sauke cajin kwandansa. Yana iya riƙe wutar da za ta girgiza mutum bayan an kashe. A ɗora rezistans na kilo-om 15 zuwa 20, mai wat 5, a kan ƙafafunsa har cajin ya sauka. Haɗa su da sukundireba yana ba da tartsatsi, yana kuma rage wa kwandansa kwana. A ɗauki hoton haɗin da waya kafin a kwance ko noti ɗaya.

A ƙa'idar Turai, babban naɗi U1 da U2 ne, naɗin tashi Z1 da Z2. Motocin Cana da suka cika kasuwa, masu lambar YC ko YL a farantin bayani, sau da yawa suna ƙara V1 da V2 na santirfuj, amma ba kowane kamfani ke bin wannan ba, wani ya sa W inda wani ya sa Z. Kuma moter da ya taɓa shiga hannun mai bobinaj, wato mai sake naɗin moter, rubutun da ke kan allonsa tarihi ne kawai. Mita ce ke faɗin gaskiya. A cire ƴan faifan tagullan da ke haɗa noti da noti, wato baret, a cire ƙafafun kwandansa, a sa mita a kan om mafi ƙanƙanta, a auna biyu-biyu. Biyun da suka ba da kusan sifili santirfuj ne, tunda a tsaye a rufe yake. Sauran nau'i biyu: mai ƙaramin adadi babban naɗi, mai adadi mafi yawa naɗin tashi. A moter na kilowat 1.5 ana iya ganin om 2 a babba, 3 ko 4 a na tashi. Adadin ya bambanta daga moter zuwa moter, abin dubawa shi ne wanne ya fi. Da yake lambobin ƙanana ne, a fara haɗa tsinken mita biyu da juna a ga abin da su kansu ke ci, a cire shi daga lissafi.

YC yana da kwandansa ɗaya, na tashi. YL yana da biyu: na tashi, baƙi galibi, mai lamba CD60, mikrofarad 100 zuwa 300, da na tafiya, CBB60, mikrofarad 20 zuwa 50, bolt 450, wanda ke zama cikin aiki har a kashe moter. A YC jerin shi ne naɗin tashi, kwandansa, santirfuj, ɗaya bayan ɗaya. A YL, naɗin tashi yana jere da kwandansan tafiya, sannan kwandansan tashi da santirfuj, su biyun a jere, suna rungume da na tafiya gefe da gefe. Ko wanne ne, a ɗauki wannan tarkace duka a matsayin reshe guda mai baki biyu. Waɗannan bakin biyu ake musanyawa, ba a taɓa abin da ke tsakaninsu. Daga nan za mu kira su Z1 da Z2 ko da allon ya rubuta wani abu dabam. Wayoyi huɗu ke nan za su fito daga moter zuwa makunni: U1, U2, Z1, Z2, sai ta biyar ta ƙasa. Baret ɗin da kamfani ya sa don zaɓar hanya ɗaya, a cire su a ajiye. Barin su a wurin shi ne dalilin da ya fi yawa na dijonkter, makunnin nan mai yanke wuta da kansa, da ke faɗuwa da zarar an sa baya.

Akwai moter mai waya uku kacal. An ɗaure ƙarshen naɗin biyu a ciki an fito da su a waya ɗaya. Ana gane shi da awo: adadi mafi girma shi ne jimlar sauran biyun. Irin wannan ba ya baya daga waje. Sai an buɗe murfi, an nemo ƙullin da ke ƙarƙashin zare da banish, an raba shi, an fito da waya ta huɗu mai rigar jure zafi. Aikin mai bobinaj ne, kuma duk wanda zai kai moter ɗin tur a sake masa naɗi ya faɗa tun farko cewa baki huɗu yake so a waje. Dabarar nan ta moter ɗin injin wanki, inda ake kai faz wannan gefen kwandansa ko wancan, tana aiki ne kawai inda naɗin biyu girmansu ɗaya. A moter ɗin tur, yin haka yana mayar da siririn naɗi babba, ya ƙone cikin mintoci.

Sai tsofaffin motocin Amurka masu rubutu 115/230, da wayoyi T1 zuwa T4 na babban naɗi, T5 da T8 na tashi. A nan akwai tarko. Naɗin tashinsu na bolt 115 ne ko da an haɗa moter a 230; bakinsa ɗaya yana ɗaure a tsakiya, inda T2 da T3 suka haɗu. Wanda ya kwance shi ya ba shi 220 kai-tsaye kamar yadda ake yi wa na Cana, ya ƙona shi. Hanyar ita ce a bar T8 a tsakiya, a riƙa kai T5 wajen T1 ko wajen T4. Ga kuma cewa an ƙera su ne don wuta mai kai-komo sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa ta NIGELEC mai 50 ce. Moter mai rubutun juyi 1,725 zai yi kusan 1,440 a nan, santirfuj ɗinsa kuma an saita shi wajajen 1,350. Ratar ta yi kaɗan. Da ɗan nauyi ko raunin wuta sai ya ƙi buɗewa.

Haɗi da anbarser

Hanya mafi sauƙi ita ce makunnin hannu mai matsayi uku, 1-0-2, wanda ake kira anbarser. Wanda aka fi samu a kasuwa na faz uku ne, kuma yana yin aikin sarai. Ga moter na kilowat 1.5 a nemi mai amfiya 25 ko sama. Yana da mashiga uku da mafita uku. Layi ɗaya yana wucewa kai-tsaye a 1 da 2 duka, sauran biyun kuwa suna gicciye a 2. Kada a dogara da lambobin jikinsa. A sa mita a kan ƙara, a juya hannun, a gano wanne ne mai wucewa kai-tsaye.

Faz ya shiga layin nan mai wucewa kai-tsaye, mafitarsa ta tafi U1. Da ɗan guntun waya a kai faz ɗin kuma mashigar ɗaya daga masu gicciyewa. Notur ya shiga mashigar ɗayan. Mafitar waɗannan biyu su tafi Z1 da Z2. U2 ya samu notur kai-tsaye ba ta makunni ba. A matsayi na 1, Z1 yana tare da faz, Z2 da notur. A na 2 sun musanya, babban naɗi kuwa bai motsa ba. Shi ke nan haɗin.

Amma a lura da U2. Ko a matsayi na 0 yana manne da notur. A shagunanmu, inda aka ja wuta daga maƙwabci ko aka sha gyaran layi, ba abin mamaki ba ne a tarar wayar da ake kira notur ita ce faz. Idan haka ta faru, moter yana tsaye shiru amma naɗinsa cike yake da 220. Saboda haka a gwada da testa kafin haɗi, kuma dijonkter ɗin da ke gaba ya zama mai yanke waya biyu.

Abin da ke ba mutane mamaki

Nan ne hannun tela ke dawowa, kuma nan ne ake jin ciwo. Moter yana cikin gudu gaba, santirfuj a buɗe, naɗin tashi ba ya cikin aiki. Mai tur ya fizgi anbarser daga 1 ya wuce 0 ya faɗa 2 cikin ƙiftawa. Me ya juya? Reshen da ba shi da wuta. Babban naɗi ya sake samun wutarsa, rotor yana kan gudu, sai moter ya ci gaba da tafiya gaba, hannun makunni yana nuna baya. Idan filtaj ake yi wuƙa na dosar kafaɗar aiki, mutum ya ɗauka shariyo zai ja da baya, shi kuwa ya ci gaba ya dunguri mandaran. Wuƙa ta karye, aiki ya lalace, wani lokaci haƙoran giya su zube, kuma hannun mutum yana kusa.

A YL mai kwandansa biyu abin ya ɗan bambanta amma bai fi kyau ba. Naɗin tashi yana nan da wuta ta kwandansan tafiya, sai dai ƙarfinsa bai isa ya rinjayi mandaran mai nauyi nan take ba. Ko moter ya ci gaba gaba yana gurnani yana zuƙar wuta, ko ya yi ta raguwa har santirfuj ya rufe, sannan ya fizgo baya da ƙarfin da ke girgiza injin duka.

Dokar ɗaya ce: a tsaya a 0, a ji "ƙas", a ga mandaran ya tsaya, sannan a sa 2. Wanda ya taso a kan tur mai faz uku, inda fizgar makunni ke juya injin nan take, shi ya fi kowa bukatar a nanata masa wannan.

Kafin ma a sayi anbarser, a duba yadda mandaran ya zauna a hancin sanda. A tsofaffin tur irin Myford da South Bend, murɗa shi ake yi a kan haƙora kamar noti. Tafiyar gaba tana ƙara ɗaure shi, tafiyar baya tana kwance shi. Mandaran mai kilo 10 ko 15 da ya kwance yana gudu ba abin da za a tsaya kusa da shi ba ne. A irin wannan inji, baya na mayar da shariyo ne kawai, a gudu mafi ƙanƙanta, wuƙa a janye. Ba a yanka da shi, ba a tashinsa baya a babban gudu. Mandaran da aka ɗaure da bulon ta bayan faranti, ko mai makullin kamlok, ba shi da wannan matsala.

Idan wuta ta ɗauke

Anbarser shi kaɗai yana da aibin da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Wuta ta ɗauke ana cikin aiki, aka watse aka bar hannu a 1. Yaro ya zo yana share tarkacen ƙarfe, ko an sa makulli a mandaran za a cire aiki, wuta ta dawo. Inji ya tashi da kansa. Wutar Maraɗi da Damagaram tana zuwa ne galibi ta layin kilobolt 132 daga Katsina, kuma a watannin zafi ɗaukewa da dawowa abu ne na yau da kullum. A ganinmu tur da babu kontakter a gabansa, wato makunnin da maganaɗisu ke rufewa ya saki da zarar wuta ta ɗauke, bai gama haɗuwa ba.

Kontakter ɗaya ya isa. Jerin: dijonkter, kontakter, rele tarmik mai yanke wuta idan moter ya ja fiye da kima, sannan anbarser. Kontakter ya zama mai kwal na bolt 220, amfiya 18 a ma'aunin AC-3 ga kilowat 1.5, irin LC1-D18. Layin umarni ya tashi daga faz, ya bi ta 95-96 na rele tarmik, ya bi ta jan maɓalli mai zama a rufe, ya bi ta koren maɓalli mai zama a buɗe, ya shiga A1. A2 ya tafi notur. Ƙananan baki 13-14 na kontakter a haɗa su gefe da gefe da koren maɓalli, su ne ke riƙe shi bayan an ɗaga yatsa. Wuta ta ɗauke, kontakter ya saki, ba ya komawa sai an danna kore. Idan anbarser yana da layi na huɗu mai rufewa a 1 da 2 ya buɗe a 0, a sa shi a jere da jan maɓalli. Fizgar hannu daga 1 zuwa 2 sai ta kashe inji maimakon ta yaudari mai shi. Yana ƙara motsin hannu a lokacin filtaj, wasu ba sa so, amma ya fi karyar giya araha.

Mai son maɓallai uku, gaba da baya da tsayawa, zai sa kontakter biyu. Na farko: faz zuwa U1, faz zuwa Z1, notur zuwa Z2. Na biyu: faz zuwa U1, notur zuwa Z1, faz zuwa Z2. Duba da kyau za a ga cewa idan suka rufe tare, faz da notur sun haɗu kai-tsaye a kan Z1. Don haka kullewa biyu ake yi. Ta wuta: baki 21-22 na kowanne, mai zama a rufe, a sa shi a layin kwal ɗin ɗan'uwansa. Ta ƙarfe: ɗan makullin da ake sawa tsakanin su biyun, wanda ke hana ɗaya sauka idan ɗaya ya maƙale. Kada a bar ta ƙarfen don tsimi, bakin kontakter yana narkewa ya manne. Kuma kontakter biyu ba su warware maganar santirfuj ba. Danna tsayawa a danna baya nan take, moter zai ci gaba gaba kamar dai da anbarser. Mai so ya rufe wannan ƙofa sai ya ƙara ɗan agogon jinkiri, ya auna daƙiƙoƙin da mandaran ɗinsa mafi nauyi ke ɗauka kafin ya tsaya, ya saita sama da haka.

Rele tarmik a saita shi a kan amfiyar da ke farantin moter, wajajen 9 zuwa 10 ga YL na kilowat 1.5, sama da haka kaɗan ga YC. An yi shi ne don faz uku, kuma idan ya ji layi ɗaya ko biyu kawai ke ɗumi yana ɗauka faz ya ɓace, ya yanke. Sai a bi da wutar ta dukkan ukun: faz ya shiga na farko, ya zagayo ya shiga na biyu, notur ya bi na uku. Masu ƙara lambar rele don ya daina damunsu suna sayen bobinaj ne da kuɗinsu.

Waya, rauni da zafi

A lokacin tashi moter yana jan ninki 5 zuwa 6 na wutar tafiyarsa, a ce amfiya 50. Shi ya sa dijonkter na gida mai harafin B ke faɗuwa. A sa mai C na amfiya 20, ko mai D na 16. Kaurin waya kuwa lissafi ne. A ce tsakanin kwanter da tur mita 30 ne, zuwa da dawowa 60. Tagulla mai murabba'in milimita 1.5 za ta ba da om 0.7, a amfiya 50 ta cinye bolt 35. Mai 2.5 ta ci 21, mai 4 ta ci kusan 13. Ƙarfin tashin moter kuma ba ya raguwa daidai da bolt, ninkin raguwar yake yi: a 190 kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, a 165 kusan rabi. Da rana tsaka a watan Afrilu, fanka da firij da masu walda duk suna ja, wuta ta iso shago a 200, siririyar waya ta ci 35, moter ya tashi da 165. Yana jan ƙafa, santirfuj bai buɗe da wuri ba, kwandansan tashi yana ta dahuwa. Wannan lissafi na tagulla ta gaskiya ne. Wayar da aka shafa wa tagulla a kan alminiyom ta fi haka ci, a kankare bakinta a gani. A sa 2.5 idan kusa ne, 4 idan da nisa.

Kwandansan tashi an yi shi ne don ƴan daƙiƙoƙi. Masu ƙera shi galibi suna ba da iyakar tashi 20 a awa, kowanne daƙiƙa 3. Ga kuma filtaj ɗinmu mai tashi 30. Abin da ke cetonsa shi ne filtaj a ƙaramin gudu ake yi, tashi ba ya kai daƙiƙa ɗaya idan wuta lafiya. Idan wuta ta yi rauni, ga zafin da ya haura digiri 40, wanda shi ne iyakar da aka auna moter a kai, sai ya kumbura ya fasa. A taɓa shi lokaci-lokaci. Ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a huta. Wajen canji a sa mai mikrofarad daidai da na asali, bolt ɗinsa daidai ko sama. CD60 ba ya zama a gurbin CBB60.

Kontakter ma yana da nasa. An tabbatar da rufewarsa ne daga kashi 85 cikin 100 na bolt ɗin kwal, wato 187. Ƙasa da haka yana iya kakkarwa, kuma kakkarwar ce ke narka bakinsa. Mai aiki da gurup, wato janareto, ya san cewa moter na kilowat 1.5 yana son gurup na kilobolt-amfiya 5 ko sama kafin ya tashi ba tare da ya durƙusar da shi ba.

Wayar ƙasa, mai launin kore da ɗorawa, a ɗaure ta a jikin moter, a jikin tur, da akwatin makunni idan na ƙarfe ne, a kai ta sandar tagulla mai mita 1.5 zuwa 2 a ƙasa. Ƙasarmu yashi ce, da rani tana bushewa ƙarau, sanda ita kaɗai ba ta jan wutar da za ta faɗar da dijonkter. Diferansiyel na mili-amfiya 30, mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ƙasa, shi ne ke cike wannan giɓi. Wayoyin da ke tsakanin makunni da moter a zura su cikin tiyo, a nisanta su da inda zaren ƙarfe ke zuba, akwatin haɗi kuma a mayar masa da murfi da robarsa.

Gwajin farko a cire bel. A sa 1: moter ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya, mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya don auna amfiya, ta nuna wuta ta hau ta sauko nan da nan. A kashe, a saurari "ƙas", a jira ya tsaya, a sa 2. Sannan a mayar da bel a ƙaramin gudu, mandaran babu aiki babu makulli. Gaba ita ce saman aiki ya riƙa gangarowa wajen mai tur. Idan 1 ya ba da baya, a musanya Z1 da Z2 a bakin anbarser, a rubuta gaba da baya a jikinsa da fenti. A gwada ɗaukewar wuta da gangan ta hanyar kashe dijonkter a mayar, a tabbatar inji bai tashi ba.

Moter da ke gurnani a hanya biyun, amma ya ɗauka idan an murɗa fuli, reshen tashi ne ya yanke: kwandansa ya mutu, ko ƙurar hunturu da tsatsa sun hana santirfuj rufewa. A yanke wuta nan take, tsayuwa yana gurnani na cin naɗi. Wanda ke tashi a 1 ya yi gurnani a 2, moter lafiya yake, a nemi matsalar a anbarser, galibi baki ɗaya da ya ƙone ko guntuwar waya da aka manta. Wanda ke tashi da kyau amma kwandansan tashi ya fashe cikin minti ɗaya ko biyu, santirfuj bai buɗe ba, ko ya manne, ko an tsallake shi wajen haɗi. Sabon kwandansa zai bi sawun tsohon har sai an buɗe murfin baya an goge bakin da takardar yashi mai laushi. Wanda kuma wata rana ya bi gaba wata rana baya ba tare da an taɓa makunni ba, reshen tashi ba ya samun wuta sam, moter yana bin duk inda bel ya ɗan karkata shi.